Dashiell Hammett: riƙon amana ne ko taurin kai?

Mai Tsofaffin Littattafai:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na kwance wata dilar littattafan gwanjo, can ƙasa na tarar da wani ɗan littafi, bangonsa ya yi laushi, takardun sun koma ruwan ƙasa. Sunansa The Maltese Falcon, na wani Ba'amurke, Dashiell Hammett. Na ɗauko shi ne don in rubuta masa farashi, sai na buɗe shafin farko. Har aka kira magariba ban rufe ba. Cikin kwana biyu na gama, na koma bin tarihin mai littafin, kuma wallahi tarihin ya fi labarin tsaya mini a rai.

An haife shi ranar 27 ga Mayu 1894 a jihar Maryland. Bai wuce shekara 14 ba ya bar makaranta saboda halin babu a gida, ya shiga 'yan aikace-aikace a birnin Baltimore, yau ɗan aike a kamfanin jirgin ƙasa, gobe lebura. A 1915 ya samu shiga Pinkerton, kamfanin masu bincike ne na kuɗi, irin waɗanda banki ko attajiri ke ɗauka su gano masa ɓarawo. Tambarinsu hoton ido ne a buɗe, da kirarin cewa su ba sa barci. Ciwo ya raba shi da aikin wajen 1922, sai ya zauna ya fara rubuta abin da idonsa ya gani. Tsakanin 1929 da 1934 ya fitar da littattafai biyar: Red Harvest, The Dain Curse, wannan da ke hannuna, The Glass Key, sai The Thin Man. Daga nan shiru kake ji. Ya ƙara shekara 27 a duniya bai sake kammala littafi ko ɗaya ba.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne 1951. Alƙali ya nemi ya faɗi sunayen mutanen da suka zuba kuɗi a wani asusun beli da yake cikin amintattunsa. Ya ƙi. Aka yanke masa wata shida a gidan yari, yana da shekara 57, huhunsa duk ya lalace. A ganina mutumin nan ya rubuta jarumin da ba a sayensa, da abin ya zo kansa kuma ya aikata abin da ya rubuta. Irinsa ba su da yawa a cikin masu alƙalami. Ku me kuka gani?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Malam. Mu a zamaninmu na sakandare James Hadley Chase muka sani. Shi ne Ba'amurken da muke sakawa cikin littafin lissafi muna karantawa a ɓoye, littafi ɗaya sai ya zaga ɗakin kwana gaba ɗaya. Shi wannan Hammett ɗin almajirinsa ne?

Mai Tsofaffin Littattafai:
Alhaji, ai Chase ba Ba'amurke ba ne. Ɗan Ingila ne, haifaffen Landan, sunansa na gaskiya René Raymond. Littafinsa na farko ya fito a 1939, shekara goma bayan na farkon Hammett, kuma Amurkar da ke cikin labaransa da taswira da ƙamus na yaren 'yan titi ya haɗa ta. Ruwan da kuka sha a wajen Chase, su Hammett ne suka haƙa rijiyar.

Baban Sadik:
Ikon Allah. Shekara arba'in ina ɗaukarsa ɗan Amurka. Na gode da gyara.

Tsohon Sufeto:
Ni zan yi magana a kan abin da na sani. Shekara 31 na yi a ɗan sanda, fiye da rabi a sashen bincike. Ɗana ne ya kawo mini tarin gajerun labaran mutumin nan bayan na yi ritaya, waɗanda ya fara bugawa a mujallar Black Mask daga 1923. Mujalla ce ta takarda mai arha, ana biyan marubuci da ƙidayar kalma. Jaruminsa a cikin labaran ko suna ba shi da shi, gajere ne mai tumbi, ya fara manyanta, yana aiki a wani kamfanin bincike a San Francisco, in ya gama aiki ya rubuta rahoto ya miƙa wa oga. Da na karanta na ce wannan marubucin ya taka ƙasa.

Akwai wurin da ya kawo ƙa'idoji huɗu na bin sawun mutum: ka tsaya a bayansa iya iyawarka, kada ka yi ƙoƙarin ɓuya, ka yi harkarka kamar kowa ko me ya faru, kuma kada ku haɗa ido. Wallahi abin da wani tsohon saje ya koya mini ke nan a watana na farko. Na taɓa kwana uku a tashar mota ina jiran mutum ɗaya, ina zaune a benci wajen mai shayi, na sha shayi har ya fita raina. Ranar da ya sauko daga mota, yaron da aka haɗa ni da shi ya laɓe bayan wata tirela, nan take mutumin ya gane, ya juya. Da ya zauna yana cin burodinsa da ba wanda zai kula shi. Bincike jira ne da tafiyar ƙasa da yi wa maƙaryata tambaya ɗaya sau biyar. Littattafan Turawan Ingila na wancan zamani, inda ake kashe mutum a gidan mai kuɗi, wani haziƙi ya tara kowa a falo ya nuna mai laifi da yatsa, ban taɓa ganin irinsu a aiki ba.

Ɗan Damagaram:
Yallaɓai Sufeto, abin da ka faɗa kusan shi Raymond Chandler ya rubuta a 1944, shi ma babban marubucin wannan fanni ne. Ya ce Hammett ya mayar da kisa hannun mutanen da ke yinsa don wani dalili, da makamin da ke kusa da su, kuma ya sa suna magana da bakin da suka saba. Ni da Faransanci na fara karanta shi tun ina lakwal, a jerin littattafan nan masu baƙin bango na kamfanin Gallimard. Faransawa sun ɗauke shi a matsayin marubuci na sosai. André Gide, babban marubucin Faransa, da kansa ya yaba Red Harvest.

Kwamared:
Ku dakata tukuna kafin a naɗa masa rawani. Malam mai littattafai ya ce Pinkerton masu kama ɓarayi ne. Wannan rabin zance ne. A tarihin ƙwadago na Amurka sunan Pinkerton zagi ne. Su ake haya a wargaza yajin aiki, su ake cusawa cikin ƙungiya su riƙa kai rahoton waye ya yi magana a taro. A 1892 a Homestead, masana'antar ƙarfe a jihar Pennsylvania, an kawo su kusan ɗari uku cikin jiragen ruwa da bindigogi, aka gwabza da ma'aikata, aka yi asarar rayuka. Ni na yi shekara 19 a masaƙa a Kaduna, na san yadda ake ji in ka gano wanda kuke cin abinci kwano ɗaya shi ke kai sunanku ofis.

Sannan akwai Butte a jihar Montana, garin haƙar jan ƙarfe. Ranar 1 ga Agusta 1917 wasu mutane da fuska a rufe suka fito da wani jagoran ƙwadago, Frank Little, daga masaukinsa cikin dare, suka rataye shi a gadar jirgin ƙasa. Ba a hukunta kowa ba har yau. An ce shi Hammett ya faɗa da bakinsa cewa an yi masa tayin dala 5,000 ya kashe mutumin. To in har ana iya kawo maka irin wannan tayi, wane irin aiki aka san kana yi?

Ɗan Damagaram:
Kwamared, labarin dala 5,000 ɗin daga bakin Lillian Hellman ya bazu, marubuciyar wasan kwaikwayo da suka yi shekara talatin tare, kuma masu binciken tarihinsa da dama ba su yarda da shi ba. Amma asalin maganarka tana nan, kamfanin da ya yi wa aiki ke nan. Sai dai ka karanta Red Harvest ka ga abin da ya yi da wannan sani. Garin da ke cikin littafin Butte ne aka canza wa suna. Wani tsoho mai mahaƙa, mai banki, mai jaridun garin, ya ɗauko 'yan daba su murƙushe masa yajin aiki. Suka murƙushe, sannan suka ƙi tafiya, suka raba garin a tsakaninsu, har shugaban 'yan sanda nasu ne. Jami'in da aka kawo ya share garin bai da wata hanya sai haɗa su faɗa, suna ta kashe juna. Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda jami'in ya zauna yana gaya wa wata mace cewa ya fara jin daɗin zubar da jinin, garin ya shiga jikinsa. Mai alfahari da aikin Pinkerton ba zai rubuta haka ba.

Kwamared:
Wanda ya ɗauko ɗan daba ya yi masa aiki, daga baya ɗan daban ya fi ƙarfinsa. Wannan kam ba sai an je Montana ba, duk wanda ya ga zaɓe ya sani. Zan nemi littafin.

Maman Ilham:
Ina ta karantawa ina jira wani ya ambaci matarsa, ba wanda ya yi, to bari ni in yi. Ni nas ce, na yi shekaru a ɗakin masu tarin tibi, shi ya sa wannan ɓangaren ya fi shafata. Ya shiga soja a 1918, sashen motocin ɗaukar marasa lafiya, annobar murar shekarar ta kama shi, daga nan tarin tibi ya bayyana. A lokacin babu maganin da muke bayarwa yanzu na wata shida, sai hutu da abinci da iska, wanda ya tashi ya tashi. A wani asibiti a Tacoma ya haɗu da nas mai suna Josephine Dolan, suka yi aure a 1921, suka haifi 'ya'ya mata biyu, ɗaya a 1921 ɗaya a 1926. Bayan haihuwar ta biyun ma'aikatan lafiya suka ce kada ya riƙa kwana gida ɗaya da yaran. Wannan na fahimta, ni ma na sha faɗa wa magidanta haka, na ga yadda idonsu ke cikowa.

Amma ciwon ya lafa, kuɗi ya zo, bai dawo ba. A 1929 ya tafi New York da wata mace. Ya wuce Hollywood, ya haɗu da Hellman, kuɗin fim na shigowa kamar ruwa yana fita a giya da otal da mata. Matar da ta yi jinyarsa lokacin da yake tofar da jini tana can da yara biyu, wani watan a aiko, wani watan shiru. Har wata 'yar fim ta kai shi kotu a farkon shekarun 1930 kan cin zarafi, kotu ta ce ya biya ta diyya. Malam, da girmanka, amanar baƙin da suka zuba kuɗi a asusu ta fi ta matar aure nauyi ne?

Baban Sadik:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu a wajenmu mutumin kirki daga gidansa ake fara auna shi.

Mai Tsofaffin Littattafai:
Hajiya, ban da abin cewa a kan wannan, kin fi ni gaskiya, kuma ban kawo shi don in wanke shi ba. Abu biyu kawai zan ƙara. Ƙaramar 'yarsa ta rubuta littafi a kansa a 2001, ba ta ɓoye shan giyarsa da muguntar bakinsa in ya sha ba, amma ta nuna bai taɓa yanke hulɗa da su ba, wasiƙunsa na zuwa, kuma ta ƙaunace shi har ƙarshe. Na biyu, a 1948 ya faɗi, likita ya ce in bai bar giya ba ba zai daɗe ba. Ya ce ya bari, kuma bai sake komawa ba har ya mutu. Mutum ne da in ya ce a'a, ta zauna. Abin takaicin shi ne bai yi amfani da wannan hali a gidansa ba tun da wuri.

Maman Ilham:
Wasiƙa ba ta biyan kuɗin haya, Malam. Amma na ji.

Ƙanwarku Marubuciya:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sako baki. Ni rubutu nake koyo, ina da labarin bincike da na kai babi na tara na maƙale. Abu biyu nake so in sani. Mene ne a salonsa da har ake ta maganarsa? Kuma me ke sa mutum ya rubuta littafi biyar a shekara biyar sannan ya kasa? Wannan na biyun tsoro yake ba ni.

Ɗan Damagaram:
Ƙanwata, ga abin da za ki duba. A The Maltese Falcon daga farko har ƙarshe ba inda ya shiga zuciyar kowa. Ba za ki ga "ya ji baƙin ciki" ko "ta yi tunani a ranta" ba. Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, shi ke nan. An bugo wa jarumin, Sam Spade, waya cikin dare cewa an harbe abokin aikinsa. Wani marubucin zai cika shafi da bugun zuciya. Shi kuwa sai ya nuna miki mutumin zaune a bakin gado yana naɗa taba, yadda ya zuba garin a takarda, ya daidaita da yatsa, ya lasa, ya murɗe bakin. Ke za ki yanke ko damuwa ce ko rashin imani. Haka mai rahoton bincike ke rubutu, ba ya rubuta abin da bai gani ba. Shi ya sa da John Huston ya mayar da littafin fim a 1941, da Humphrey Bogart, kusan maganganun littafin aka ɗauka yadda suke.

Gwada wannan a babinki na tara. Duk inda kika rubuta abin da ke ran mutum, goge, ki ba shi wani abu a hannu.

Mai Tsofaffin Littattafai:
A kan tambayarki ta biyu, akwai wani ɗan labari a tsakiyar littafin da har yanzu nake juya shi. Spade ya zaunar da matar da ta kawo masa aiki ya ba ta labarin wani mutum mai suna Flitcraft, dillalin gidaje a Tacoma, mai mata da 'ya'ya biyu da rufin asiri. Wata rana ya fita cin abincin rana, wani ƙaton ƙarfe ya faɗo daga ginin da ake yi, ya dira dab da shi, ɓarɓashin daɓe ya yanke shi a kumatu. Sai ya ga ashe duk tsarin da ya yi wa rayuwarsa, ƙarfe ɗaya ya isa ya share shi. Daga wurin bai koma gida ba. Bayan shekaru aka gano shi a wani gari, Spokane, ya canza suna, ya auri mace mai hali irin na ta farkon, ya haihu, yana kasuwanci, yana komawa gida a kan lokaci kamar da. Ya saba da faɗowar ƙarfe, da ƙarfe ya daina faɗowa kuma ya saba da rashin faɗowarsa.

Ni ina ganin Hammett kansa yake faɗa. Lokacin da ya fara rubutu likitoci ba su ba shi tsawon rai ba, ga iyali, ga haya, yana rubuta tallan wani shagon gwala-gwalai da rana, yana buga tafireta da dare. Mutuwa na bayansa, yunwa na gabansa. Da The Thin Man ya fito a 1934 kamfanin MGM ya mayar da shi fim, har aka yi fim shida a jere, ga shirye-shiryen rediyo, kuɗi na zuwa ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Ƙarfe ya daina faɗowa.

Ɗan Damagaram:
Ban yarda kuɗi kaɗai ba ne, Malam. Shi da kansa ya gaya wa wani ɗan jarida a ƙarshen rayuwarsa cewa ya tsaya ne da ya ga yana maimaita kansa, kuma ranar da marubuci ya gane yana da salo, ƙarshensa ya fara. Ya so ya bar labarin bincike ya rubuta wani abu dabam, ya yi ta farawa yana yagawa. Guntun na ƙarshe, Tulip, an buga shi bayan mutuwarsa. Kuma hannunsa bai mutu ba, shi ya nuna wa Hellman labarin da ta gina wasanta na farko a kai, The Children's Hour, ya yi ta gyara mata rubutu shekara da shekaru. Guzurinsa shekarun Pinkerton ne, ya cinye shi a littafi biyar, rayuwar otal kuma ba ta ba shi wani ba.

Tsohon Sufeto:
Wannan na fi yarda da shi. Ni ma labaran da nake ba jikoki duk na shekarun da nake tafiya a ƙasa ne. Daga ranar da aka ba ni tebur ban ƙara samun labari ba.

Barista:
Bari in dawo da mu kan 1951, don a nan ne tambayar Malam take. Ga yadda abin ya faru. Hammett ya zama shugaban reshen New York na wata ƙungiya, Civil Rights Congress, a 1946, kuma yana cikin amintattun asusunta na beli. A 1949 aka samu shugabannin jam'iyyar kwaminis ta Amurka su 11 da laifi ƙarƙashin dokar Smith, wadda ta haramta kiran a kifar da gwamnati da ƙarfi, asusun ya tsaya musu suka ɗaukaka ƙara. Da suka faɗi a kotun ƙoli, a farkon Yuli 1951 huɗu daga cikinsu suka ƙi miƙa kansu, suka ɓace. Ranar 9 ga Yuli aka kira Hammett gaban mai shari'a Sylvester Ryan. Ya fake da gyara na biyar na tsarin mulkinsu, wanda ya hana a tilasta wa mutum ba da shaidar da za ta kama shi. Muna da mai kama da shi a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Alƙali bai karɓa ba, ya kama shi da raina kotu.

A matsayina na lauya dole in faɗi wannan: beli alkawari ne. Wanda ya tsaya wa mutum ya ce wa kotu ni zan kawo shi. In mutumin ya gudu, kotu na da haƙƙin ta tambaye ka. Amanar farko da aka karya a wannan shari'a ta kotu ce, kuma waɗanda Hammett ya tsaya wa ne suka karya ta.

Kwamared:
Barista, a nan kuma ni zan kare shi. Kuɗin belin ai an ƙwace, wannan shi ne hukuncin mai tsayawa. Me ya kawo sunayen waɗanda suka ba da gudummawa? Kai ma ka san me ake yi da suna a Amurkar 1951. Malamin makaranta, ma'aikacin gidan waya, tela, duk wanda sunansa ya fito a irin wannan takarda aikinsa ya tafi, maƙwabta su guje shi. Mutane ne da suka ba da 'yan dalolinsu bisa yardar ba za a tona su ba. An taɓa kiran mu ofis ɗaya bayan ɗaya a kan mu faɗi waɗanda suka yi karo-karon kuɗin yajin aiki. Na san waɗanda suka faɗa, na san waɗanda suka yi shiru, kuma har yau na san wanda nake gaisarwa da hannu biyu. Mutumin da ya fara rayuwa a kamfanin masu kai rahoton ma'aikata ya ƙare da ƙin ba da suna. Wannan ya isa in sassauta masa.

Barista:
Ban musa ba, Kwamared. Doka ta ba alƙali dama, amma yadda aka yi amfani da sunaye a wancan zamani abin kunya ne, Amurkawa da kansu sun yarda da haka yanzu. Abin da nake so a riƙe shi ne bai shiga kurkuku don littafinsa ba.

Baban Sadik:
To amma wa yake karewa? 'Yan kwaminis. Na karanta cewa a 1938 ya sa hannu a takardar goyon bayan shari'o'in da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya yi wa abokan tafiyarsa a Mosko, waɗanda aka harbe bayan an tilasta musu amsa laifi. Mutum mai wayon gane ƙaryar ɗan damfara a kallo ɗaya, ya kasa gane wannan? Kuma bai taɓa fitowa ya janye ba. Wannan a'ar tasa da ba ta canzawa, ga inda ta kai shi.

Mai Tsofaffin Littattafai:
Haka ne Alhaji, ya sa hannu, kuma tabo ne. Amma a haɗa da wannan: a 1942, yana da shekara 48, da tabon tibi a huhu, ya matsa sai da aka ɗauke shi soja. Aka tura shi tsibirin Adak can gefen Alaska, wurin sanyi da iska, ya kafa wa sojoji jarida. A lokacin rundunar Amurka ba ta haɗa baƙi da farare a aiki ɗaya, shi ya sa baƙaƙen sojoji cikin ma'aikatan jaridar. Daga can ya dawo da wani ciwon huhun a kan na da.

Abin da ya biyo bayan kotu kuma ba wata shida ba ne kawai. A gidan yarin Ashland a jihar Kentucky wankin ban-ɗaki aka ba shi. Ya fito a Disamba 1951, bayan ya yi wata biyar daga cikin shidan, ya tarar an soke shirye-shiryen rediyon da ke kawo masa kuɗi, hukumar haraji na binsa sama da dala 100,000, ta ɗora hannu a kan duk abin da zai shigo. A 1953 Sanata Joseph McCarthy ya kira shi gaban kwamiti saboda an samu littattafansa a ɗakunan karatun da gwamnati ta buɗe a ƙasashen waje. Ya tambaye shi, in shi ne ke yaƙi da kwaminisanci zai sayi littattafan irinsa? Ya amsa cewa in shi ke wannan yaƙin, ba zai ba mutane littafi ko ɗaya ba. Ya yi shekaru a wani ɗan gida da abokai suka ba shi aro a Katonah ta jihar New York, tafireta na ajiye ba ya taɓa ta. Sankarar huhu ta kashe shi ranar 10 ga Janairu 1961 a New York. Da yake ya yi yaƙi biyu, a maƙabartar sojoji ta Arlington aka binne shi.

Tsohon Sufeto:
Ƙarshen littafin da ke hannunka ma ai haka yake, Malam. Gunkin shahon da littafin ya ci sunansa, wanda aka yi ta kisa a kansa ana zaton na zinariya ne, da aka kankare sai ga dalma. Spade kuma ya miƙa matar ga 'yan sanda duk da yana sonta, don ita ta kashe abokin aikinsa, abokin da shi kansa bai ɗauke shi a bakin komai ba, har yana neman matarsa. Dalilinsa shi ne in an kashe abokin aikinka dole ka yi wani abu a kai. Na yi aiki da masu irin wannan hali. Za ka iya ba su bayanka a cikin daji, amma ba za ka so 'yarka ta aure su ba.

Maman Ilham:
To Yallaɓai ka faɗa da bakinka. Ni ban ce bai yi jarumta a kotu ba, ya yi. Na san abin da wata biyar a ɗaki mai sanyi ke yi wa mai irin huhunsa. Amma ko bayan ya mutu, haƙƙin littattafan nan a hannun Hellman ya ƙare, ita ta riƙe shi har ta mutu, ba 'ya'yansa ba. Duk wanda zai ba da labarin mutumin nan a gabana sai ya ambaci Josephine.

Ƙanwarku Marubuciya:
Na gode ƙwarai, Mama, na rubuta sunanta. Yaya na Damagaram, na koma babi na tara jiya da dare na goge kusan shafi biyu, na ba matar tsintsiya a hannu, sai ga maganar ta fito da kanta. Da wanne zan fara karantawa?

Tsohon Sufeto:
Fara da gajerun labaran, 'yata. Nan aikin yake.

Ɗan Damagaram:
Ni Red Harvest zan ce, amma Turancinsa na 'yan titi ne, sai kin yi haƙuri da shi.

Mai Tsofaffin Littattafai:
Wanda ke hannuna ban sa masa farashi ba. Ki turo ƙaninki shago ranar Asabar bayan la'asar ya karɓa miki. In kin gama ki miƙa wa Kwamared, shi kuma ya kai wa Hajiya. Shafi na 61 ya ɗan yage daga ƙasa, na manne shi da gam, ki buɗe a hankali.